Farantin ɗumama 'yan tsaki: wa ya taɓa gwada shi a sanyin nan namu?

Maman_Hanifa_Gusau:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema. Na biya kuɗin 'yan tsakin noila, kajin nan masu kama da na gida da ake kiwo don nama da ƙwai, katan ɗaya, guda 50, za su iso farkon watan Janairu in sha Allah, kuma kun san yadda sanyin Gusau yake a lokacin. Ƙanena da ke Abuja ya ce zai saya min wani abu, faranti ne mai ƙafa huɗu ana jona shi da wuta sai tsakin su shige ƙarƙashi su ji ɗumi, wai ba ya cin wuta kuma ba ya ta da gobara. Ni dai gawayi na saba da shi a kasko, amma maigidan ya ce ba ya son hayaƙin nan kusa da ɗakin yara, ga kuma tashin dare ana ƙara gawayi. Wanda ya taɓa amfani da shi ya faɗa min gaskiya tsakani da Allah, in ba zai yi ba kada yaron nan ya zubar da kuɗinshi a banza.

Abu_Kaji_Kaura:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tambaya ɗaya, a unguwarku wuta tana kwana? In ba ta kwana to ki riƙe kaskonki. Na gama magana.

Sadiya_BK:
Wai wane irin abu ne kuma wannan, ni ban taɓa gani ba wlh. A turo hoto mana

Ummu_Sadiq_Gesse:
Ni ina da shi 'yar uwa, kuma ina jin daɗinshi, amma bari in faɗa miki abin da masu talla ba sa faɗa. Nawa ƙarami ne, santimita 30 kowane ɓangare, wat 22 aka rubuta a jikinshi, a kwalin sun ce yana ɗaukar tsaki 20 zuwa 25. To wannan lissafin na tsakon kwana ɗaya ne. Da sun yi sati ɗaya zuwa biyu kin san yadda noila ke buɗewa, sai ki ga rabi a ciki rabi a waje suna turereniya, masu ƙarfi su shige tsakiya raunana su kwana a bakin. Guda 50 ɗinki ƙaramin ba zai ɗauke su ba sam, sai dai babban mai santimita 40 da 60, ko ki sayi ƙanana biyu. Ni da zan ba ki shawara biyu sun fi, ko ɗaya ya lalace kina da ɗaya.
Abin da na fi so da shi kuwa shi ne barci. Su suna barci nima ina barci. Ba kukan nan na dare, ba warin hayaƙi a jikin zannuwa.

Sadiya_BK:
@Ummu_Sadiq anti to ɗakin gaba ɗaya yake ɗumamawa kamar hita?

Dakta_Dabbobi_Jega:
A'a Malama Sadiya, kuma nan ne mutane da yawa suke rikicewa. Ba ya ɗumama ɗaki, ba ya ma ɗumama iskar akurkin. Ƙasan farantin ne kawai yake yin zafi, tsako ya shiga ya manna bayanshi da shi, in ya ji ya isa ya fito ya ci abinci ya sha ruwa, sanyi ya taɓa shi ya koma. Abin da uwa take yi ke nan. Zafin jikin kaza wajen digiri 41 ne, kuma ba ta ɗumama tsakar gida, 'ya'yanta ne suke shigewa ƙarƙashinta.
Dalilin da ya sa ake wannan wahalar gaba ɗaya, tsako in ya fito daga ƙwai bai iya riƙe zafin jikinshi ba, sai ya doshi sati biyu yake fara iyawa, kuma ba ya gama samun kariya sai gashi na gaske ya rufe shi, wajen sati biyar zuwa shida. In da gawayi ko ƙwan lantarki ko gas kake aiki, ƙa'idar ita ce satin farko digiri 32 zuwa 35 a daidai tsayin tsakon, ba a saman ɗaki ba, sannan kowane sati ka rage kamar digiri 3 har ka zo daidai da zafin gari. Shi kuma faranti ba a auna shi haka, za ka iya sa ma'aunin zafi a gefe ka ga 20 ka tsorata alhali tsakin suna ƙarƙashi lafiya lau. Da ido da kunne ake gane shi.

Abu_Kaji_Kaura:
Dakta duk wannan bayanin na yarda da shi, amma ba wanda ya amsa tambayata. Ƙarfe uku na dare a ɗauke wuta, kana can kana minshari, farantin ya huce cikin 'yan mintuna tunda ɗakin dama ba ɗumi gare shi ba. Kafin kiran assalatu sun hau kan juna a lungu. Gawayi ko ya mutu bango da ƙasa suna riƙe da ɗumi na ɗan lokaci.

Dakta_Dabbobi_Jega:
Wannan gaskiya ne Malam Abu, ban musa ba. Shi ne babban rauninshi a wajenmu.

Injiniya_Sola_Tudunwada:
To bari masu lissafi su shigo. Jan ƙwan lantarkin nan na ɗumama kaji yawanci wat 250 ne, in ya kwana ya wuni a kunne awa 24 ya ci yunit 6 a mita. Faranti mai wat 22 a awa 24 bai fi rabin yunit da ɗan ɗoriya ba, wat-awa 528 in kana son daidai. Wato ƙwai ɗaya ya cinye abin da faranti goma za su ci har da canji. Shi ya sa jan ƙwai ba ya yiwuwa a kan ƙaramar sola amma faranti yana yiwuwa. Don haka maganar Malam Abu tana da magani in akwai batir. Hajiya kuna da sola a gida?

Baba_Manomi_Argungu:
Salamu alaikum ɗiyana. Ni dai tsoho na, waya ma jikana ka taya ni. Abin ga duk da kuka ta lissahi, Allah ya riga ya yi shi da gashi da ƙahwa biyu. Mu tun dauri in muna son ɗiyan zabi sai mu samu kazar gida wadda ta kwanta mu sa mata ƙwan zabi, kwana ashirin da shida zuwa da takwas ta ƙyanƙyashe, ta riƙe su ta ɗumama su ta kore shirwa, ba mita ba batir. Ku nemi kaji biyu ukku masu kwanci ku aje gida.

Maman_Hanifa_Gusau:
Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Amma kaza ɗaya ai ba ta rufe hamsin, kuma waɗannan daga kamfani za su zo ba su san uwa ba.

Baba_Manomi_Argungu:
Ina sane ɗiyata. Goma sha biyu zuwa sha biyar ta ka ruhewa. In ta daɗe bisa kwanci kinka zo da dare kinka ɗauke ƙwan kinka tura mata ɗiyan ƙarƙashi, wata tana amsa, wata ko ta sassare su. Sai an tsaya an duba da swahe. Hamsin kam ba ta yi, wanga gaskiya ta.

Hajiya_Mai_Zabi_Gummi:
Tunda Baba ya taɓo zabi bari in sa baki. Mu matsalarmu ba hunturu ba ce, damina ce, don lokacin ne zabi suke ƙwai. Kazar tana ƙyanƙyashewa sai ta ja su cikin ciyawa da sassafe, raɓa ta jiƙa su, kafin hantsi kin tsinci gawa. Ɗan zabo bai da juriyar laima ko kaɗan, ya fi tsakon kaza rauni nesa. Ni yanzu injin ƙyanƙyasa nake sa wa, in sun fito sun bushe sai in kwashe su zuwa kwali. Farantin nan ina sha'awarshi saboda su, amma kun san ɗan zabo ƙanƙani ne, anya bayanshi zai kai?

Ummu_Sadiq_Gesse:
Zai kai Hajiya, ƙafafun ana ɗagawa ana saukewa, har masu salwa suna amfani da shi kuma kin san ɗan salwa bai kai ɗan zabo ba. Ki sauke shi ƙasa sosai yadda sai sun ɗan rusuna za su shiga. Dabarar da nake yi, ƙafafun baya in sauke na gaba in ɗaga kaɗan, ya zama a karkace, ƙarami ya shige can ciki babba ya tsaya a baki, kowa ya samu daidai shi. Kuma duk bayan 'yan kwanaki ki ƙara ɗagawa don suna girma. In kika ga suna kwanciya a gefe sun ƙi shiga to ya yi ƙasa da yawa ko zafi ya ishe su, in kika ga sun shiga amma suna tsaye suna ta tsuwa ba su kwanta ba to ya yi sama bayansu bai taɓa ba.
Kada kuma a manna shi da bango ta ko'ina, a bar musu hanyar fita aƙalla ta ɓangare biyu, in ba haka ba na can ciki zafi ya dame shi ba ya samun fitowa.

Mubarak_Chicks:
Masu buƙatar tsaki da kayan kiwo ku yi min magana ta akwati, farashi mai sauƙi, muna turawa ko'ina

Admin_Kiwo:
Mubarak ranar talla Juma'a ce, ka sani. Na bar wannan, na gaba zan goge.

Alhaji_Gona_Bungudu:
Ni ina karanta ku ina dariya. Wannan abin na masu kiwon bayan ɗaki ne, ba raini ba. Mai buroila dubu biyu faranti nawa zai saya, arba'in? Mu gas muke sawa, in gas ya yi tsada mu koma tukwanen gawayi, yara biyu su kwana a kai. Sannan akwai abin da ba ku faɗa ba, faranti ba ya ba da haske. Buroila a kwanakin farko ana ba shi haske kusan awa 23 don ya ga abinci da ruwa ya yi ta ci, in ka bar shi cikin duhu tun magariba har asuba a satin farko ka rage mishi girma, kuma satin farkon nan shi ne komai, abin da ya rasa a nan ba ya maido shi.

Ummu_Sadiq_Gesse:
Alhaji ranka ya daɗe ai ita ba buroila ta ce ba, noila ne, ba tseren sati shida take yi ba. Kuma rashin hasken ni a wajena alheri ne, waɗanda suka tashi da haske dare da rana sun fi saran juna da fizgar gashi.

Dakta_Dabbobi_Jega:
Ku duka kuna da gaskiya a nan. Ko noila ne, kwana biyu zuwa uku na farko a bar musu haske da dare saboda sun sha tafiya, suna buƙatar su gano ruwa da abinci. Ƙaramin ƙwan sola ya isa tunda haske kawai ake so ba zafi ba. Bayan nan a fara ba su duhu. Hanyar gane sun ci, washegari ki kama kamar goma ki taɓa jakar abincin nan da ke ƙasan wuyansu ta ɓangaren dama, kusan dukansu ya kamata ki ji ta cika da laushi. In kin ji tauri sun ci ba su sha ba, in kin ji ruwa zalla sun sha ba su ci ba.

Dan_Zuru_77:
Maganar ƙwan sola ta tuna min. Wani maƙwabcinmu ya ɗauko buroila zai yi na Kirsimeti, aka ce mishi a sa musu ƙwan lantarki, sai ya je ya sayo farin nan mai tsimin wuta har guda huɗu ya rataya, ɗaki ya yi haske tar. Da safe sai kuka. Shi bai san tsohon ƙwai mai zare a ciki, mai wat 60 ko 100, shi ne mai zafi ba. Na zamanin nan ko ka riƙe da hannu ba wani zafin kirki da za ka ji. A riƙa faɗa wa sababbin shiga dan Allah.

Sadiya_BK:
Innalillahi, Allah ya mayar masa da alheri

Abu_Kaji_Kaura:
Amin. Shi ya sa nake cewa gawayi ba ya yaudara, in akwai wuta kana gani in babu kana gani.

Nas_Talatu_Mafara:
Malam Abu a nan kam ban bi ka ba, gawayi yana yaudara ƙwarai. Hayaƙin da ake gani ba shi ne abin tsoro ba, akwai iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, in ɗaki a rufe yake ruf ita ce take kashe mutane cikin barci lokacin sanyi, duk shekara muna jin labari. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri sai barci ya ɗauke shi. To in tana kada babba ina ga tsako, ina ga yaran da aka ce ɗakinsu yana kusa. Maigidan Maman Hanifa yana da hujja. Kuma mutanenmu da an ce sanyi sai su bi duk tagogi da leda da buhu su toshe, ko ƙofar allura ba su bari.

Abu_Kaji_Kaura:
Anti Talatu wannan rashin iyawa ne ba laifin gawayi ba. A waje ake hura shi sai ya kama ya zama garwashi ja hayaƙi ya ƙare sannan a shigo da shi, a cikin tukunyar ƙasa mai huji, a ɗora kan bulo, a zagaye da waya don kada su faɗa ko shimfiɗa ta kama. A ɗan yayyafa toka a sama ya daɗe. Sama kuma a bar wajen fitar iska, ƙasa ne ake tarewa. Haka muka gada haka muke yi.

Nas_Talatu_Mafara:
Ko garwashin da ba ya hayaƙi yana fitar da ita, wannan nake so a gane. Barin tagar dai shi ne maganar.

Maman_Hanifa_Gusau:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, ina ta karantawa, girki ne ya riƙe ni. @Injiniya eh muna da sola amma ƙarama ce, batir ɗaya ne an rubuta 200 a jiki, fanel biyu. Da shi muke kunna fitilu da talabijin da cajin waya, yanzu da ake sanyi ba ma kunna fanka. Wutar gari kuma wata rana a kawo wata rana shiru.

Injiniya_Sola_Tudunwada:
Yawwa Hajiya yanzu aka zo wajen. Batir mai bolt 12 da 200 ɗin nan, a takarda wat-awa 2400 ne, amma in irin mai ruwa ne ko jel ba a son a zuƙe fiye da rabi in ana son ya yi rai, ki ɗauka 1200 gare ki, in kuma ya tsufa bai kai haka ba. Babban farantin wajen wat 60 yake ci. Daga shida na yamma zuwa bakwai na safe awa 13, ya ci 780. Inbata ita kanta tana da nata cin ko ba a jona komai ba, wasu wat 20 wasu fiye, ki ƙara 260, kin ga mun haura dubu. Saura kaɗan ya rage wa fitilu. Talabijin kam sai yara su yi haƙuri na sati biyu. Ƙanana biyu masu wat 22 sun fi sauƙi, 44 ke nan, ki samu ɗan sarari.
Sai abu na biyu da mutane ke mantawa, watan Janairu hazo ne, ƙura tana rufe fanel rana kuma ba ta da ƙarfi, batirin da kike zaton ya cika bai cika ba, ga shi da rana ma farantin yana ja. A riƙa goge fanel kullum da safe. Shawarata tun kafin tsakin su zo ki jona shi ya kwana dare biyu ba komai a ƙarƙashi, ki ga ko inbata za ta yi ƙara kafin asuba. Gara ta yi kuka babu tsaki.

Yusuf_Waya_Koko:
Ƙari kan maganar Injiniya, ki ce wa ƙanenki ya duba bolt kafin ya biya. Akwai waɗanda ake shigowa da su na kasuwar Amurka masu bolt 110 zuwa 120, wutarmu kuma 220 zuwa 240 ce, kana jonawa ya ƙone nan take. Na Turai da Ingila su ne daidai da mu. Akwai na kamfanin Brinsea da ake kira EcoGlow, shi bolt 12 yake aiki da shi ta adafta, cinshi ma bai kai na sauran ba, sai dai tsada. Su kansu sun rubuta ɗakin da za a sa shi kada sanyinshi ya yi ƙasa da digiri 10.

Alhaji_Gona_Bungudu:
To mu nan cikin ɗaki ai ba ma kaiwa 10, sai dai in a fili ka ajiye su iska tana kaɗawa. Iskar hunturun ita ce mugunyar, ba sanyin kanshi ba.

Dakta_Dabbobi_Jega:
Haka ne Alhaji. Shi ya sa ko da faranti sai an yi musu zagaye da kwali ko silin, tsayin kamar gwiwa, kuma a yi shi da'ira kada a bar kusurwa don a kusurwa suke taruwa su danne juna. In kika ga duk sun koma ɓangare ɗaya to iska tana shigowa ta ɗayan. Sannan ƙasa. Siminti da asuba ƙanƙara ne, faranti yana ɗumama bayansu siminti yana zuƙe ɗumin ta ciki da ƙafafu. A zuba shimfiɗa mai kauri kamar yatsa huɗu a jere.

Baba_Manomi_Argungu:
Ɓuntun shinkahwa na nan gare mu tuli, kowane injin casa ka tahi sai dai ka gaji da ɗiba. Ku zo Argungu ku kwasa.

Hajiya_Mai_Zabi_Gummi:
Baba ɓuntu yana da kyau in busasshe ne ƙarau, wanda ya sha ruwa ya yi fumfuna shi ke sa musu ciwon numfashi. Ni na fi son shi a kan garin katako mai laushin nan, don shi ci suke yi suna zaton abinci ne ya toshe musu ciki. Ko ɓuntun ma kwanakin farko ina shimfiɗa takardar buhun siminti ta ciki mai tsabta a kai in barbaɗa abinci har su gane. Leda ko kwali mai santsi kam a'a, ƙafafu ke talewa.

Garba_Walda_Yauri:
Jama'a ni fa ina ganin abin nan ba wani abu ba ne, faranti ne da waya mai zafi a ciki. In na samu cikin tsohon dutsen guga na ɗaura a faifan alminiyom na yi mishi ƙafa huɗu ai shi ke nan, a rabin kuɗi.

Injiniya_Sola_Tudunwada:
Malam Garba rufa mana asiri. Dutsen guga wat 1000 ne zuwa sama, gasassu za ka kwashe, batirin Hajiya kuma ko awa biyu ba zai yi ba. In za ka gwada sai da waya mai ƙaramin wat da na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai, kuma ka tuna ƙarfe ne a wajen da ruwa ke zubewa ga busasshen ɓuntu a ƙasa. Ka zo shago mu zauna, tunanin ba laifi, kayan ne ba su ba.

Garba_Walda_Yauri:
Hhhh to Injiniya na ajiye guga. Amma zan zo, da gaske nake.

Talle_Direba:
Ni ba mai kiwo ba ne sosai amma ina ɗauko su. Yawancin tsakin nan daga Ibadan suke tasowa, wasu daga Kaduna, kafin su iso Gusau ko Birnin Kebbi sun kwana a hanya, wani lokaci na tsakiyar mota zafi na gefe sanyi. Wasu tun a hanya suka jigata, in sun mutu bayan kwana biyu sai a ce dillali ya cuce ni ko abin ɗumi bai yi ba. Ku riƙa zuwa karɓa da wuri, kada a bar katan a tasha cikin iska, kuma mai mashin kada ya ɗaure shi a baya a buɗe.

Dakta_Dabbobi_Jega:
Allah ya biya ka Malam Talle. Abin da ke riƙe su a hanya ragowar gwaiduwar da ke cikinsu ce, tana kai su har wajen kwana uku ba ci ba sha, amma suna isowa a bushe. Don haka Hajiya, a kunna faranti tun kafin su iso, ruwa ya riga ya zauna a ɗakin ya daina sanyin randa, a sa gulukos da bitamin, ki kama kowane ɗaya ki tsoma bakinshi a ruwan sannan ki tura shi ƙarƙashin farantin da hannunki. Ba su san shi ba, ba haske gare shi da zai jawo su ba, sai an nuna musu. Daren farko ki leƙa bayan isha'i, duk wanda ya kwana a waje ki mayar da shi. Ki riƙa duba gindinsu kuma, sanyi ko zafi in ya yi yawa kashi yana manne musu ya toshe, a goge da tsumma da ruwan ɗumi a hankali kada a fizge.

Sadiya_BK:
Dakta ni nawa sati uku suka yi lafiya, na cire musu wuta sai suka fara zawo fari suna takurewa suna mutuwa, sanyi ne ko?

Dakta_Dabbobi_Jega:
Kin yi musu rigakafin gumboro? Shekarun da take kamawa ke nan, sati uku zuwa shida, kuma tsako mai ciwo takurewa yake yi ya saki fukafukai sai a zaci sanyi ne. Ba zan yanke hukunci ta waya ba, ki kai gawa ɗaya sabuwa asibitin dabbobi a buɗe a gani. Ɗumi ba ya maye gurbin rigakafin gumboro da lasota, wato rigakafin ciwon Newcastle, kuma maganin rigakafin in bai zo cikin ƙanƙara ba ruwa kika saya.

Sadiya_BK:
Sau ɗaya aka yi musu. Zan kai gobe in sha Allah

Ummu_Sadiq_Gesse:
Mu dawo kan Maman Hanifa. Wani abu da na manta, da sun kwana biyar shida za su fara hawa saman farantin suna kashi a kai, ya bushe ya kama kamar siminti. Wasu suna zuwa da murfi mai tsini, in naki bai zo da shi ba ki shimfiɗa kwali a sama ki riƙa canjawa, amma kada ki lulluɓe shi da bargo ko tsumma. In za ki goge ki zare wuta, tsumma mai laima kawai, ba a tsoma shi a ruwa. Wayar kuma ki ɗaga ta sama saboda ɓera.

Abu_Kaji_Kaura:
Duk da haka dai ni ina kan bakana, a ajiye buhun gawayi a kusa.

Hajiya_Mai_Zabi_Gummi:
Ko ba gawayi ba akwai jarka. Ki tafasa ruwa ki cika jarka mai lita huɗu ko biyar, ki rufe da kyau ki naɗe da tsohon zane, ki ajiye a tsakiyarsu su jingina, tana kai awanni kafin ta huce. Ni ita ke fitar da ni in wuta ta yanke. Ki kwana da ruwan zafi a fulas kawai.

Dan_Zuru_77:
Ni abin da ban gane ba, in kuɗin faranti biyu ya kusa kuɗin katan ɗin tsakin kanshi, kuma daga Maris zuwa Mayu nan zafi yana haura digiri 40 sai ma ka nemi yadda za ka sanyaya su, to wata nawa ne a shekara za a yi amfani da shi? Me zai hana ta jira sanyi ya wuce?

Ummu_Sadiq_Gesse:
Damina ma ana buƙata ɗan uwa, daren da aka yi ruwa a watan Agusta ka taɓa shiga akurki da asuba? Ko bazarar ma satin farko da goshin asuba suna nema. Kuma ba sau ɗaya za ta yi kiwo ta daina ba.

Alhaji_Gona_Bungudu:
Ɗan Zuru ai mai kiwo da kasuwa yake lissafi ba da yanayi ba. Noila sai ya yi wata uku zuwa huɗu kafin ya yi kuɗi, in tana da lokacin da take hari dole ta ɗauka yanzu.

Maman_Hanifa_Gusau:
Wallahi Alhaji kamar ka sani, kuma kuɗin na riga na biya ba a fasawa. Na tura wa ƙanen nawa duk abin da kuka ce, na ce ya duba ƙanana biyu masu wutar 220, ya ce zai tambayi farashi tukuna in ya fi ƙarfinshi ɗaya zai saya. In ɗaya ne to rabi faranti rabi kasko a can zaure nesa da yara, sai in ga waɗanda suka fi. Maigidan dai har yanzu bai amince da maganar kashe talabijin ba, wai akwai ƙwallo.

Yusuf_Waya_Koko:
Hhhh ya tafi gidan kallo mana

Abu_Kaji_Kaura:
Hajiya in kin raba su dan Allah ki dawo ki ba mu labari, kuma ki raba daidai kada ki zaɓi ƙosassu ki ba faranti.

Larai_Talotalo_Tsafe:
Slm, yanzu na shigo ban karanta duka ba. Ni talo-talo ne gare ni saura kwana kaɗan su fito, guda goma sha ɗaya, su ma faranti yana yi musu ko sai jan ƙwai? Don na ji an ce sun fi kaji son zafi kuma ba sa gane abinci da wuri